Wadda Malam Ya Warkar

Haulatu ta riga ta sa ƙafa ɗaya a wajen zaure, jakar huluna a hammata, sai muryar yayanta ta tsayar da ita.

"Yau kam babu zuwa Kankiya."

Malam Sabi'u na zaune a kan buzu, allo a cinya, alƙalami na ta ƙara. Ko kai bai ɗago ba.

"Yaya Malam, ai yau ce ranar kai ɗinki. Mai shagon na jirana."

"Hula ba ta ruɓewa. An kawo mana wata mata daga rugar da ke bayan Yashe. Ki koma ɗakin baya su gan ki."

Su gan ta. Aikin Haulatu ke nan a gidan nan yau shekara bakwai: a gan ta. Duk wanda aka kawo wa Malam da ciwon kai irin wanda ba a faɗin sunansa da ƙarfi, kafin a jiƙa allo sai an kira ta ta gaishe da danginsa, su dube ta sama da ƙasa, su ga ɗaurin ɗankwalinta daidai, su yi kabbara.

Kowa a Kusada ya san labarin. Wata damina barci ya ƙaurace mata har kwana goma sha ɗaya. Ta buɗe rumbun mijinta tana auna wa duk wanda ya wuce ƙofar gida, sannan ta hau katanga tana yi wa unguwa wa'azi. Mijin ya maido ta gidansu da takarda a hannu. Malam ya sa aka ɗaure ta a ɗakin baya, ya kama rubutun kwana arba'in. Ranar da ya wanke allon ƙarshe, Haulatu ta nemi a ba ta mataji da sabulu. Gari ya ɗauka, tun daga nan mutane suka fara sallama a zauren daga Yashe, daga ƙauyukan Kankiya, har daga nesa.

Akwai guntun labarin da gari bai ji ba, don ba wanda ya tambayi mai ciwon. A kwana na ashirin Malam ya tafi Katsina ta'aziyya. Gwaggonsu Halimatussa'adiya, tsohuwar unguwarzoma da ba ta shawara da kowa, ta kwance igiyar, ta saka Haulatu a mota, ta kai ta wani ɗan ɗaki a bayan asibiti a Kankiya inda likitan ƙwaƙwalwa ke zama sau ɗaya a wata. Daga ranar take narka mata ƙwaya a cikin ruwan rubutun. Bayan shekara biyu Gwaggo ta rasu da bakinta a rufe, ta bar wa Haulatu katin asibiti da sana'ar ɗinkin hula. Hular ce dalilin fita, katin kuma shi ne fitar.

Tun daga nan ba wanda ya sake riƙe mata kai sai ita. Tana da ɗan littafi da take zanen huluna a ciki, a bayan kowane shafi kuma tana rubuta awa nawa ta yi barci. Ta san ciwonta kamar yadda ake sanin maƙwabci mai neman rigima. Kwana uku ba ƙwaya, barci zai fara guntulewa. Kwana biyar, za ta wayi gari tana ƙaunar kowa da kowa a Kusada, har da tsohon mijinta. In aka kai nan, to abu ya ɓaci.

Yau ƙwaya biyu suka rage mata. Likita kuma da azahar take tashi, sai wani watan.

Faɗa wa Malam kuwa ba ya cikin lissafi. Dokarsa ce, mai shan rubutunsa ba ya haɗawa da ƙwayar asibiti. A cewarsa zuciya ce ta rabu biyu. Da idonta ta ga ranar da ya karɓi ledar maganin wani dattijo ya juye a salga, yana yi masa nasiha cikin taushin murya.

Ta ajiye jakar ta bi bayansa.

A ƙofar ɗakin baya wani dogon Bafulatani na tsugune, sanda a tsakanin gwiwoyi, malafa a ƙasa. Bube sunansa. A ciki matarsa Murja ta takure a kusurwa, yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba, leɓɓanta sun bushe, idanunta ba su zama wuri ɗaya. A wuyan hannunta akwai shatar igiyar da ake ɗaure maruƙa da ita. Mako uku da haihuwarta, in ji Bube. Tun ranar suna ba ta yi barci ba. Ta ce an musanya mata jariri, ta ce shanu na kiran sunanta. An bar jaririn a ruga wajen kakarsa.

"Ka gan ta nan," in ji Malam, ya nuna Haulatu da alƙalami. "A ɗakin nan, a wannan kusurwar. Ƙarti shida ne suka danne ta kafin a sa igiya."

Mutum biyu ne, ɗayansu ma gurgu. Amma ƙartin suna ƙaruwa duk shekara, Haulatu kuma ba ta taɓa hana su ba.

"Haulatu, gaya masa yau wace rana."

Ta faɗa, da kwanan watan Musulunci da na boko. Bube ya jinjina kai kamar wanda aka nuna wa saniyar da ba ta da aibi.

"Allah mai iko," ya ce.

Ta shiga ta durƙusa don ta gaishe da mara lafiyar. Murja ta tsayar da idonta a kanta karo na farko, sai ta miƙo hannu ta damƙe bakin mayafinta, ta naɗe shi a yatsunta sau biyu.

"Ke ce aka ce kin warke?" ta ce da muryar da ta dishe.

"Haka suka ce."

"Kina barci?"

"Ina yi."

"Kada ki tashi."

Malam ya koma bakin ƙofa yana lissafa mahaɗi, wato kayan da za a zuba a ruwan rubutun kafin a sha: zuma, garin magarya, man zaitun, habbatus sauda. Haulatu ce mai riƙon waɗannan kaya a gidan. Ita ba ta yi wa yayanta ƙarya; zaɓar gaskiyar da za ta faɗa take yi, ta ajiye saura.

"Yaya Malam, habbatu ya ƙare. Man zaitun ma saura ɗigo."

"A sayo a bakin tasha."

"Ai kai da kanka ka ce na garin nan gauraye ne. Ka ce sai na Kankiya."

Ya faɗa ɗin, a gaban mutane kuma. Malam ya sosa gemu. Bube ya ce ga babur ɗinsa nan a waje, amma shi bai san habbatu ba ko da zai taka shi. Aka yanke ya kai Haulatu su dawo maza. Tana yunƙurawa Murja ta ƙwalla ƙarar da ta kori kajin tsakar gida, ta rungume ƙafarta. Aka lallaɓa, aka yi tofi, aka ja. Yatsun nan sun ƙi saki.

"To ku tafi da ita," in ji Malam, don yana da alluna bakwai a gabansa kuma ba a rubutu cikin ihu. "Ku sa ta a tsakiya. Kafin la'asar ina son ganinku."

Haka suka fita, Bube a gaba, matarsa a tsakiya, Haulatu a baya ta zagaye ta da hannu biyu, jakar huluna na dukan cinyarta. Gero ya sunkuya a gonaki, dawa ta fara ja. Murja na ta magana da wani wanda ba ya kan babur ɗin. Haulatu ba ta saurare ta ba, inuwar itatuwa take kallo tana auna saura nawa rana ta take tsaka.

Kada a ɗauka tausayi ne ya fito da ita. Shirinta a bayyane yake a ranta: ta sayi mahaɗi, ta zaunar da miji da mata wajen masu fura, ta ce za ta kai huluna, ta zagaya ta baya ta shiga layi. Ciwon wani ba nata ba ne. Nata ma da ƙyar take kiwonsa.

A Kankiya, bayan sun tsallake babban titi inda 'yan kamasho ke ihun Kano da Katsina, ta sayi habbatu da man zaitun ba tare da tayi ba, har mai shagon ya dube ta. Ta samo musu benci a gindin wata bishiya.

"Ku zauna nan, yanzu zan dawo."

Murja ba ta yi ƙara ba wannan karon. Miƙewa kawai ta yi, mayafin na naɗe a hannunta, ta tsaya a gefen Haulatu kamar an ɗinke su.

Haulatu ta gwada zare mayafin. Ta gwada lallashi. Har ta yi tunanin ta cire shi ta bar mata, sai ta hango kanta tana ratsa kasuwar Kankiya kai ba lulluɓi, tana sauri, ita ƙanwar Malam Sabi'u wadda ta taɓa hawa katanga. Kafin ta koma gida labari ya riga ta isa.

Ta dubi rana. Ta dubi Bube.

"Akwai sauran mahaɗi ɗaya," ta ce. "Shi ba a kasuwa ake samunsa ba. Tayar da babur."

A ƙofar asibiti Bube ya taka burki, ya sauke ƙafa, ya daɗe yana kallon masu fararen kaya na shiga da fita.

"Malama, ni ban yi boko ba, amma wannan ai asibiti ne."

"Asibiti ne."

"Malam ne ya ce a zo nan?"

Da ta ce e, da ya bi ta. Ta ji amsar ta zo har bakinta ta tsaya.

"Malam bai san da nan ba. Ni ce nake zuwa, duk wata, shekara bakwai. Ƙwaya suke ba ni. Ita ce barcin da ka ji na ce ina yi. In ban shiga yanzu ba, nan da mako guda ni da matarka sai dai a raba mana kusurwa."

Bube ya cire malafa ya sosa kai.

"Rubutun fa?"

"Ina sha. Ban taɓa zubar da sunan Allah ba."

"To." Ya mayar da malafarsa. "Ni dai shanuna, in lokacin allura ya yi ina kai su, laya kuma tana wuyansu, ba wadda ta taɓa ƙorafi. Ban dai san asibiti na da maganin aljanu ba."

"Ban san abin da suke kiransa ba su aljanun. Ni dai ya hana su damuna."

Ya jingine babur. Sai kuma ya juyo.

"Amma ki sani, Malama, ni ban iya yi wa malami ƙarya ba. In ya tambaye ni inda muka je, zan faɗa."

"Na ji," ta ce.

Ɗakin likitar yana can bayan ɗakin ajiyar kaya, inda masu zuwa awon ciki ba za su haɗa hanya da masu zuwa nan ba. Benci biyu ne a baranda, duk sun cika. Kowane mara lafiya da mai rakiyarsa a gefe, riƙe da kati, yana amsa gaisuwa a madadinsa. A bakin ƙofa Harisu, ma'aikacin jinyar da ke tsara layi, yana zaune da tarin fayil.

Shekara biyar ke nan, tun rasuwar Gwaggo, da tambaya ɗaya yake tarbarta: ina mai rakiyarki? Ƙa'idarsa ce, bayanin mai irin wannan ciwo ba ya shiga takarda sai wani mai hankali ya tabbatar. Don haka kullum ita ce ta ƙarshe, ko da ita ta fara zuwa. Ta sha buɗe masa littafinta ta nuna masa barcinta dare bayan dare, ya karɓa da murmushi, ya yaba zanen hular.

Yau da ya hango ta da mutum biyu sai da ya miƙe tsaye.

"Kai, alhamdu lillahi! Baba Haulatu, yau an tuna da ke a gida?" Ya ja wa Bube kujera. "Zauna, Baba, zauna. Mun daɗe muna neman ku. Yaya jikin nata?"

Bube ya dubi matarsa.

"A'a, ita nake nufi." Harisu ya nuna Haulatu da biro. "Tana barci?"

Bube, wanda bai taɓa ganinta ba sai da hantsin nan, ya dube ta da neman agaji.

"To, haka ta ce."

"Madalla." Biro ya kama gudu. "Tana cin abinci?"

"Da alama."

"Faɗa fa? Surutu? Rabon kaya?"

"Ni dai ban gani ba."

"Ka ga amfanin zuwa da dangi ke nan," in ji Harisu, ya rufe fayil ɗin da gamsuwa. "Yau bayani ya cika. Baba Haulatu, ke ce ta gaba."

Ta tsaya da littafinta a hannu, shekara biyar na barci a rubuce, ta mayar da shi jaka. Dariya ta taso mata, ta danne, don a wannan barandar dariya ma shiga fayil take yi.

Su uku suka shiga, tunda mayafin bai rabu ba. Likitar wata matashiya ce mai tabarau, ga gajiya a fuskarta. Ta rubuta wa Haulatu maganin wata guda ba tare da dogon zance ba, sannan ta bi mayafin da kallo har zuwa hannun da ke riƙe da shi, da shatar igiyar.

"Wannan fa?"

Bube ya fara bayani daga ranar da wata guguwa ta ratsa garke. Haulatu ta bar shi ya kai aya, sannan ta faɗi nata a jere: mako uku da haihuwa, kwana goma sha huɗu ba barci, tana jin murya, ta ƙi jaririn, ba zazzaɓi, ta sha nono da safe amma ta ƙi tuwo. Likitar ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau.

"Aikin asibiti kika yi?"

"A'a. Ciwon na yi."

Aka buɗe wa Murja kati, aka duba ta, aka yi mata allura. Likitar ta ce a dawo da ita wurin Harisu bayan mako guda, in kuma abu ya ƙaru a wuce Katsina kai tsaye. Sannan ta kira shi ya rubuta sunan wanda zai riƙa ba ta magani safe da yamma.

"Ni gobe zan bi shanu," in ji Bube. "Ita gidan Malam za ta yi kwana arba'in."

"To wa ke gidan?" in ji likitar.

Haulatu ta dubi yatsun da ke mayafinta, sun fara sassautawa, kan Murja na rinjaya zuwa kafaɗarta. Shekara bakwai tana ɗauke da kai guda ɗaya a ɓoye, kuma ta san nauyinsa. Biyu ba za su ɓoyu ba.

"Rubuta ni," ta ce.

Harisu ya tsayar da biro. "Likita, ai ita ma tamu ce. Sunanta na cikin wancan littafin na marasa lafiya. Ba a taɓa sa mutum ɗaya a littafi biyu ba."

"Ta taɓa fashin zuwa?"

Ya buɗe fayil, ya juya, ya sake juyawa. "A'a."

"A cikin masu rakiyar da ke waje, nawa ne ba su taɓa fashi ba?"

Harisu ya gyara riƙon biro. Ya rubuta sunan, amma da ƙananan baƙaƙe.

A hanyar dawowa Murja ta yi barci. Nauyinta duka ya koma jikin Haulatu, har sai da Bube ya rage gudu. Yana ta faɗin wani abu da Fulatanci, yana maimaitawa. Haulatu kuwa lissafi take yi. Malam zai tambaya me ya daɗar da su. Zai tambaya me ya sa yarinyar barci alhali ba a wanke allo ko ɗaya ba. Bafulatanin nan kuma zai buɗe baki ya faɗa, da ladabi, a gaban duk wanda ke zauren.

Ana idar da la'asar suka iso. Suka kwantar da Murja a ɗakin baya, Haulatu ta zare mayafinta a hankali. Ta ce wa Bube ya je ya yi sallah. Ta tsaya a soro har mutum na ƙarshe ya fita daga wurin Malam, sannan ta yi sallama ta durƙusa nesa da buzun kaɗan.

Ta ajiye habbatu. Ta ajiye man zaitun. Sannan ta ajiye farar leda biyu, da kati biyu, ɗaya sabo, ɗaya ya yi laushi don tsufa.

Malam ya dube su. Ba ya bukatar a karanta masa.

"Na wa?"

"Wannan na baƙuwa. Wannan nawa."

"Tun yaushe?"

"Tun Gwaggo na raye. Ranar da ka tafi ta'aziyya Katsina."

Ta ga leɓɓansa na motsi, yana ƙirga kwanakin. Ashirin daga arba'in. Alluna bakwai na jingine a bango, tawadarsu ba ta gama bushewa ba, yatsunsa sun yi baƙi har farce. Tun asuba yake rubutun nan saboda matar da bai sani ba. Haka ya yi mata ita ma, kwana arba'in, har da daren da zazzaɓi ya kama shi. Wannan ma gaskiya ce, kuma ta fi sauran wuyar ɗauka.

Ya miƙa hannu ya ɗauki ledar ƙanwar tasa, ya juya ta. Idonsa ya tafi wajen ƙofar da ke fita bayan gida.

"Yaya Malam." Muryarta ta fito a daidai, ita kanta ta yi mamaki. "In ka zubar, gobe zan tafi Katsina in karɓo wani, ko da a ƙafa ne. Ba raini ba ne. Gidanka ne, kuma kai ne gaba da ni. Amma kan nan nawa ne, ni ke kwana a cikinsa."

"Shekara bakwai kina bari ina nuna ki ga mutane."

"Ba ka taɓa tambayata ba. Rana kawai kake cewa in faɗa."

Daga waje ana jin wani mai babur na kiran fasinjan Yashe. Malam ya ɓallo ƙwaya ɗaya daga cikin takardarta, ya ɗora a tafin hannu. Fara ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya kai ta kusa da ido, ya nesanta, kamar mai duba kuskure a allon ɗalibi.

"Da me kike haɗiye ta?"

"Na'am?"

"Na ce da wane ruwa kike shan ta?"

"Da rubutunka." Gaskiya ce. Ƙoƙon rubutun safe shi kaɗai ne abin da take shiga ɗaki da shi ta rufe ƙofa ba wanda ya tambaya.

"Kullum?"

"Kullum."

"Ba ki taɓa sha da ruwan randa ba?"

"Ko sau ɗaya."

Kafaɗun Malam suka sauka a hankali. Ya ja dogon numfashi, ya gyara zaman hularsa.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Ni ma dai na ce. Wannan 'yar abar, ita kaɗai, me za ta iya?" Ya mayar da ƙwayar, ya turo mata ledar da gindin alƙalami. "Allah ya rufa asiri da ba ki yi gangancin shanta haka nan ba."

Bube ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa, a shirye yake ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Malam bai tambaye shi komai ba.

"Ka saurara da kyau," ya ce masa, ya ɗaga yatsa. "Matarka za a haɗa mata da wani ƙaramin mahaɗi, irin wanda na haɗa wa ƙanwata. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a shansa da ruwan banza, sai da rubutu. In aka saɓa, ba ruwana."

"In Allah ya yarda ba za a saɓa ba, Malam."

Haulatu ta buɗe baki, ta dubi yayanta, ta rufe. Rana ta yi sanyi, kuma likita ta ce da yarinyar ta farka a ba ta guda ɗaya. Ta kwashi ledojin biyu a hannu, ba ta sa su ƙarƙashin mayafi ba, ta ɗauki allon farko ta shiga gida neman ƙwarya.